Yadda Ake Bin Sawun Mai a Ruwan Ƙarƙashin Ƙasa

Idan ana maganar gurɓatar ruwa a Sharaɗa, Challawa da Bompai na Kano, hankali kan tafi ga abin da ido ke gani: ruwan kamfanonin jima da masaƙu da ke kwarara cikin rafin Salanta da kogin Challawa, ko wanda ke bin rafin Getsi ya faɗa kogin Jakara. Amma akwai wanda ba ya fitowa fili. Rashin wuta ya sa masana'antu ajiye tankunan man gas na janareto da baƙin mai na tukunyar tururi, kuma tanki idan ya tsufa yakan yi yoyo. Ko an tone shi an kwashe ƙasar da ta jiƙe, man da ya riga ya sauka yana nan.

Aikin yana farawa da tambaya. A nemi tsofaffin ma'aikata da masu gadi, su ne suka san inda aka binne tanki da inda tanka ke sauke kaya. Sannan a ƙirga rijiyoyi da burtsatsen maƙwabta, har da waɗanda 'yan garuwa ke ɗiba.

Daga nan sai haƙa rijiyoyin sa ido, aƙalla uku, domin da uku ake gane inda ruwa ya nufa. Ɗaya a sama da wurin, inda mai bai kai ba, sauran a gangare. A Kano ruwan sama-sama yana kwance ne a cikin ruɓaɓɓen dutsen da ke bisa dutsen gindi, shi rijiyar gida ke tararwa. Ana zura bututun roba mai ƙananan tsagu, kuma dole tsagun su ratsa fuskar ruwan, rabi sama rabi ƙasa. Mai yana iyo ne. Idan tsagun suka nutse gaba ɗaya, sai a ɗebo ruwa garau alhali mai na kwance a kansa. A zuba yashi kewaye da tsagun, a toshe sama da yumɓun bentonait da siminti don kada ruwan kwata ya bi gefen bututu, a sa murfi da kwaɗo.

Ranar ɗiba, kafin a taɓa komai, a auna zurfin ruwa a kowace rijiya da kaurin man da ke kansa. Sai a fitar da ruwan da ya kwana a bututun, kamar ninki uku na abin da ke ciki, ko a ja a hankali har ma'aunin tsami da na zafi su tsaya wuri ɗaya. A fara da rijiya mafi tsabta, a ƙare da mafi datti, ana wanke kaya a tsakani.

Nan ne aikin ya fi lalacewa. Benzin, gubar da aka fi tsoro a cikin fetur saboda yana jawo sankarar jini, saurin bin iska gare shi. Shi ya sa ake cika 'yar kwalbar gilashi mai mililita 40 har baki, a rufe, a kifa a duba; in an ga kumfa ko ɗaya, a sake. Nan take a sa ta cikin ƙanƙara, domin zafin Afrilu a bayan mota ya isa ya mayar da gurɓataccen ruwa mai tsabta a takarda. A kai ɗakin gwaji ba tare da ɓata lokaci ba. A waɗannan unguwanni ni dai ba zan bar rijiya ba tare da cika wata kwalba daban don gwajin kuromiyam na jima ba.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa iyakar benzin a maikirogiram 10 cikin lita ɗaya. Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya kan ƙasar Ogoni na 2011 ya gano rijiyoyin sha a Nisisioken Ogale masu fiye da ninki 900 na wannan, mutane kuma suna ta sha.

Gwaji ɗaya ba sa ido ba ne. Ana maimaitawa duk wata uku, domin ruwan Agusta yana ɗago fuskar ruwa ya wanko man da ya maƙale a ƙasa, rani kuma ya janye shi. Sai an jera sakamakon shekara biyu ko fiye ake sanin ko man yana raguwa ko matsawa yake yi gaba. Ana miƙa rahoton ga hukumomin NOSDRA da NESREA da Ma'aikatar Muhalli ta jiha, amma ya kamata mai unguwa ma ya ji shi da Hausa, tun da rijiyar jama'arsa ce ke gangare.