Kwamfutar da kamfaninta ya sallama

Sana'ata gyaran kwamfuta da kula da bayanan da ke cikinta. Masu kawo min aiki daga Rijiyar Zaki da ƙauyukan Ungogo galibi masu makarantun kuɗi ne, da masu shagon buga takardu da ke yi wa ɗalibai rajistar NECO, sai dillalan taki da iri masu rubuta bashin manoma a Excel. Yawancin na'urorin na hannu ne, da dama kuma Windows 7 ke kansu. Da na ce a sauya, amsar ɗaya ce: "Malam, ai tana aiki lafiya lau."

Tana aiki kam. Sai dai Microsoft ya janye hannunsa daga Windows 7 tun 14 ga Janairu 2020. Windows 10 ma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoba 2025, rana ɗaya da Office 2016 da 2019.

Ga inda gizo ke saƙar. Babu manhajar da ba ta da ɓaraka. Ranar Talata ta biyu a kowane wata Microsoft kan fitar da gyare-gyaren toshe waɗanda aka gano. Masu kutse su ma jiran ranar suke. Sai su zauna su warware gyaran, su gane ramin da aka toshe, sannan su je su gwada shi a tsohuwar Windows, tunda tsohuwa da sabuwa sun yi tarayya a yawancin gininsu. A sabuwa an liƙe, a tsohuwa kuwa yana nan a buɗe, wata mai zuwa a ƙara wani. Manhajar kashe bairos mai gadi ce kawai, ba ta gina katangar da ta zube.

A Mayun 2017 cutar WannaCry ta kulle kwamfutoci a ƙasashe kusan 150, har da asibitocin gwamnatin Ingila, tana neman dala 300 kafin ta saki fayiloli. Tun watan Maris aka fitar da maganinta, waɗanda ba su saka ba ne suka sha wuya. A lokacin har Windows XP, wadda aka sallama tun 2014, an yi wa gyaran gaggawa. Alfarma ce aka yi, kada wani ya gina kasuwancinsa a kanta.

Wasu kan ce min wa zai damu da ɗan shagonsu. Ai ba mutum ne ke zaɓe ba, na'ura ce ke lalube dare da rana, duk ƙofar da ta samu a buɗe ta faɗa. Mai cewa tasa ba ta hawa intanet kuma, filasha nawa ake soka mata a yini? Abin da ke ciki ma ba naka ba ne: lambobin NIN na 'ya'yan mutane, hotunansu, lambobin wayar iyayensu, da kalmomin sirri da aka adana a Chrome, wanda shi ma ya daina sabunta kansa a Windows 7 tun farkon 2023. Dokar kare bayanan jama'a ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhakin tsare su a wuyan wanda ya karɓa.

Na san kuɗi ne matsalar, domin Windows 11 ba ta hawa yawancin tsofaffin na'urorin nan. Waɗanda aikinsu rubutu ne da lissafi nakan saka musu Linux Mint da LibreOffice, kyauta ne, kuma suna buɗe fayilolin Excel. Windows ɗin sata da ake dasa wa mutane a kasuwa kuwa ba na taɓa ta, don sau da yawa ɗan abin da ke "buɗe" ta shi ne ɓarawon. In dole sai tsohuwar saboda wata firinta, a raba ta da intanet ɗungurungum, a kwashe bayanan mutane daga cikinta, a riƙa kwafar littafin bashi duk Juma'a a wata ma'ajiya dabam, a zare ta a kulle a durowa.