Darasi: Gyaran Koferatif da Aljihun Maigida

'Yan'uwa fatake da dillalai, darasinmu na wannan fitowa a kan koferatif ne, wato ƙungiyar gama kai ta manoma da makiyaya. Kada wani ya ce ba ruwansa. Duk dabbar da muka taya a kara daga gidan wani ta fito, kuma halin gidan yana nan a jikinta.

A Nijar gwamnati ce ta kafa UNCC a 1962. Ita ke turo ma'aikata, ita ke raba bashin iri da taki. Mutanen ƙauye suka ɗauke ta kayan gwamnati, bashi ya yi ta taruwa ba biya. A 1984 aka maye gurbinta da UNC, suna ya canza, hali yana nan. Dokar 1996 ce ta sakar wa mutane mara su kafa tasu da kansu. A 2010 kuma ƙasashen OHADA suka yi doka guda: mutum 5 sun isa kafa ƙaramar koferatif, kuma mai shanu ɗari da mai akuya biyu kowa ƙuri'arsa ɗaya.

To, ina ribar maigida? Abin da ke karya shi lokacin sayarwa ne. Da kaka ya zubar da gero da arha, kafin damina ta yi nisa ya sayo shi da tsada, ala tilas ya kawo mana karsanarsa a rame. Maganin da ƙungiyoyi suka kama tun wajen 1999, da taimakon FAO, shi ne warantaj. A ajiye hatsi a sito a sa kwaɗo biyu, mabuɗi ɗaya a hannun ƙungiya, ɗaya a hannun asusun da ya ba da rance. Da kuɗin ya sayi rago ya turke, ya ba shi dusa da harawa, ya sayar, ya biya, ya karɓi hatsinsa lokacin da ya yi daraja. Karsana ta tsira, mu kuma mun samu kaya mai nama.

Amma fa a kula. Shekarar da farashin hatsi bai tashi ba, kuɗin ajiya asara ne. Batun kuɗin ruwa kuwa, a tambayi malamai kafin a sa hannu. Shugaban da ba ya buɗe littafi gaban taro, a sauke shi tun ƙungiya ba ta mutu a hannunsa ba.

Allah Ya ba mu ikon riƙon amana, amin.