Yadda Ake Binciken Babban Adadi

Ƙidayar shekarar 2006 ta ba Jihar Zamfara mutum 3,278,873. Yaro in ya ga irin wannan adadi a allo sai gabansa ya faɗi, alhali kuwa da ido kaɗai ana fara sanin halinsa.

To, mu dubi ƙarshensa: 3 ne. Ashe mara ne, 2 ba ta raba shi. Haka 5, don ba 0 ko 5 a ƙarshe. Mu tara lambobinsa, 38 ke nan. Tun da 3 ba ta raba 38, ba ta raba shi. Mun gwada 7, saura 3. Mun gwada 11, saura 4.

A nan ne malami mai gaggawa kan gaji, ya ce wa yara ba abin da ke raba shi sai 1 da shi kansa. Ina! Ai 252,221 sau 13 shi ne daidai, ba saura.

In mun kasa shi ga ƙananan hukumomin jihar 14, kowacce ta sami 234,205, saura 3. Amma fa rabon takarda ne wannan, gama Gusau da Tsafe da Bungudu kowacce ta ɗara haka.