Jam ɗin ɓaure: yadda za ki dafa shi ya daɗe bai lalace ba

Busasshen ɓauren da alhazai ke kawowa tsaraba tare da dabino da zamzam yakan ƙare a gefen kwaba. A ci guda biyu uku a ranar farko, sauran ya zauna cikin leda har ya yi tauri, yara su ƙi shi, a ƙarshe a zubar. Asara ce babba, domin wannan ɗan itace, wanda sura ta 95 ta Alƙur'ani ke ɗauke da sunansa, yana da tsada a kantunanmu. Yawancinsa daga Turkiyya ake kawo shi, ƙasar da ta fi kowacce nomansa, sai Masar da Maroko da Aljeriya. Rabin kilo na busasshen ya isa uwargida ta cika kwalabe biyu ko uku da jam mai kauri, wanda ya fi na kanti ɗanɗano nesa ba kusa ba.

Ki fara da tsinta, kuma kada ki yi mata gaggawa. Ki yanke ɗan tsinken da ke kan kowane ɓaure, ki tsaga shi biyu, ki duba cikinsa a wurin da ke da haske. Mai kyau za ki ga cikinsa ruwan zuma ne, cike da ƙananan 'ya'ya, yana ɗan danƙo a yatsa. Wanda cikinsa ya yi baƙi, ko yake tsami a hanci, ko kika ga ƙwaro ko zare kamar na gizo-gizo, ki jefar da shi. Farin garin da ke bayan busasshen ɓaure kuwa galibi sukarinsa ne ya fito waje ya bushe. Fumfuna daban take: tana da gashi-gashi, kuma warinta ba ya ɓuya.

Ga rabin kilo na busasshe, ki tanadi ruwan zafi kofi 3, sukari kofi 1 da rabi, wato kimanin giram 300, da ruwan lemon tsami babban cokali 4. Lemonmu na nan ƙanana ne, sai ki matse huɗu ko biyar kafin ki samu haka. Ki ɗauraye ɓauren, ki yayyanka shi ƙanana, ki zuba masa ruwan zafin ki rufe ya kwana, ko ya yi awa huɗu a ƙalla. Wannan ruwan da ya jiƙa a ciki shi za ki dafa da shi, domin rabin daɗin ya riga ya sauka cikinsa.

Idan Allah ya sa kin samu ɗanyen ɓaure nunanne, lissafin ya sauya. Babu jiƙo, babu ƙarin ruwa mai yawa. Kilo ɗaya na son sukari giram 600 zuwa 700 da lemon tsami cokali 4. Ki haɗa su a kwano ki bar su awa biyu, sukarin zai jawo ruwan da kansa. Wanda bai nuna ba yana fitar da farin ruwa kamar nono daga tsinkensa, mai sa ƙaiƙayi a fata, kuma ba ya yin daɗi a tukunya. Ɓauren dajinmu na bakin rafi, wanda ke fitowa cunkus a jikin rassa, shi ma ana iya gwadawa, amma zaƙinsa kaɗan ne, kuma kowa ya san yadda cikinsa ke da ƙananan ƙwari. Sai an tsaga kowanne an kankare, aikin ya fi ribar yawa.

Maganar lemon tsami ita ce wadda nake so ki riƙe fiye da komai. Mata da yawa suna cire shi wai kada jam ya yi tsami. Ɓaure ɗan itace ne mai ƙarancin tsami, kuma abinci marar tsami da aka rufe a kwalba wuri ne da ƙwayoyin cuta ke iya rayuwa. Lemon shi ke tsare wannan ƙofa, shi ke taimaka wa jam ɗin ya kama jikinsa, shi kuma ke karya zaƙin kada ya gundure mutum. Sukari ma haka: ban da zaƙi, shi ke riƙe ruwan da ke ciki har fumfuna ta rasa abin sha. Duk wadda ta rage sukari sosai ta san cewa nata na firji ne, na cin mako ɗaya ko biyu.

Ki nemi tukunya mai faɗi da kaurin gindi, ta sitil in akwai, domin tsami yana cin tukunyar dalma ya bar ɗanɗanon ƙarfe. Cokalin katakon da za ki juya da shi ya zama wanda bai taɓa shiga miya ba. Warin daddawa da manja yana zama a katako, kuma zai fito a jam. Idan busasshe ne, ki ɗora ɓauren da ruwansa kaɗai a wuta matsakaiciya kamar minti 20, har ya yi laushin da cokali zai iya murƙushe shi. Sannan ki zuba sukari da lemon. Idan kika sa sukari tun ɓauren yana da tauri, fatarsa ba za ta ƙara yin laushi ba. Mai son ƙamshi ta jefa sandar kirfa ɗaya ko ɗan yankin ɗanyar citta, ta cire a ƙarshe. Kanumfari yana da ƙarfi, ƙwaya biyu sun isa.

Daga nan sai tsayuwa a gaban tukunya. Da farko za ta riƙa tafasa da ƙananan kumfa masu saurin fashewa. Bayan minti 20 zuwa 30 kumfan za su zama manya, suna tashi a hankali suna fashewa da ƙara, launin ya koma ja mai duhu yana sheƙi. A nan ne yake kamu a gindi cikin ƙiftawar ido, don haka kada hannunki ya bar cokali. Idan gawayi kike amfani da shi, ki rage garwashin. Ki kuma kori yara daga wurin, domin fallatsin sukari mai zafi yana manne wa fata, ƙunarsa ta fi ta ruwan zafi.

Mai ma'aunin zafi za ta sauke idan ya kai digiri 104 zuwa 105. Wadda ba ta da shi ta ɗiga kaɗan a faranti mai sanyi, ta jira minti ɗaya, ta ja yatsa ta tsakiya. Idan hanyar ta tsaya ba ta haɗe ba, ya yi. Ki sauke yana da ɗan sako-sako, zai ƙara kauri idan ya huce. Wanda aka bari ya yi kauri a wuta, washegari sai wuƙa.

Kwalabe na gilashi masu murfin ƙarfe ake so, waɗanda murfinsu bai yi tsatsa ba. Ki wanke su, ki tafasa su minti 10, ki zuba jam ɗin da zafinsa su ma da zafinsu, ki bar ɗan fili kamar faɗin yatsa a sama. Ki goge bakin kwalbar, ki rufe, ki shimfiɗa tsumma a gindin tukunya ki jera su, ruwa ya rufe kansu, su tafasa minti 10 zuwa 15. Idan sun huce ki danna tsakiyar murfin. Wanda ya lotsa ciki bai motsa ba ya rufu, zai yi watanni a wuri mai sanyi da duhu. Wanda ke ɗagowa a fara cinye shi.

A ƙasar da wutar lantarki ba ta da tabbas, ga zafin bazara, ƙananan kwalabe sun fi babba ɗaya, domin da zarar an buɗe kwanakinsa sun fara ƙirguwa. A ɗiba da busasshen cokali mai tsabta. Idan fumfuna ta fito a sama, a zubar da kwalbar duka, kwashe saman ba ya isa. Mai ciwon suga kuma ya tuntuɓi likitansa kafin ya taɓa. Sauran mutanen gida su shafa a burodi ko gurasa da safe, ko a sa cokali ɗaya cikin kindirmo mai sanyi a maimakon sukari.