Gado Iri Biyu: Na Dukiya da Na Jini

Bahaushe yana kiran abin da mamaci ya bari "gado", haka nan cutar da ke bin zuri'a yakan ce mata "ciwon gado". Kalmar ɗaya ce, amma yadda ake rabon ya sha bamban.

Mu ɗauki misali. A ce wani magidanci Musulmi a Gidan Kwano ya rasu, ya bar mata ɗaya da 'ya'ya maza 2 da mata 3, iyayensa kuwa sun riga shi. Bayan an biya bashi da wasiyya, wadda ba ta wuce sulusin dukiya, sai naira 800,000 ta rage. Matar za ta ɗauki sumuni, wato 100,000. Kowane ɗa namiji ya sami 200,000, kowace 'ya 100,000. In gardama ta taso, akwai alƙali a Minna.

Gadon jini kuwa ba ya jiran mutuwa, kuma ba shi da alƙali. Tun ranar da ciki ya shiga, jariri, namiji ko mace, yake karɓar zaren halitta 23 daga uba, 23 daga uwa. Ta wannan hanya sikila ke bi. Shi ya sa nake ganin a yi gwajin jini tun kafin a kai kuɗin gaisuwa, domin in an sa rana, da wuya masoya su saurari likita.

Idan mai AS ya auri mai AS, kowane ciki yana da yiwuwar 1 cikin 4 ta haihuwar SS. A nan mutane da yawa ke tuntuɓe, suna zaton cikin 'ya'ya huɗu ɗaya ne kawai zai kamu. Ba haka ba ne: kowane ciki lissafinsa daban. Ana iya haifar masu SS uku a jere, ana kuma iya haifar biyar babu ko ɗaya.