Kafin ka ce a yi mata fomat

Ranar Lahadi, ranar kasuwar Mora, ita ce ranar da tsofaffin kwamfutoci suka fi cika mini shago. Mutum zai ɗauro tasa a bayan babur tun daga Kolofata ko Tokombere, naɗe cikin zane ko buhu, ya dire ta a kan benci, kafin mu gama gaisawa ya riga ya yanke hukunci: "Malam, a yi mata fomat." In na tambayi abin da take yi, amsar kusan ɗaya ce. Bidiyo yana sarƙewa, hoto yana tsalle, magana ta riga baki ko baki ya riga magana, lasifika kuma tana tsatsa kamar ana suyar gyaɗa.

Akwai wani yaro mai tura wa mutane fina-finan Hausa da waƙoƙi a waya da ya zo mini ran nan fuska a murtuke. Sau biyu aka yi wa kwamfutarsa fomat a wani wuri, a karo na biyu har ya yi asarar tarin waƙoƙin da ya shekara yana haɗawa, kuma sarƙewar tana nan daram. Na ce, "Ƙanena, wane bidiyo ne yake sarƙewa, duka ko wasu?" Ya yi shiru, sannan ya ce, "Wallahi Maigida, tsofaffin fina-finan lafiya lau suke tafiya. Na bikin da aka ɗauko da waya ne ba ya motsi." Da wannan amsar kaɗai aiki ya kusa ƙarewa. An bar jaki ana ta dukan taiki: kwamfutar ba ta lalace ba, bidiyon ne ba irin wanda ta sani ba.

Bari in tsaya a nan, don in mutum ya gane wannan ya tsira da kuɗinsa da kayansa. Bidiyo jerin hotuna ne da ake sauyawa da sauri, galibi 25 ko 30 a daƙiƙa guda. Hoto ɗaya na 1080p yana da ɗigo 1920 a kwance da 1080 a tsaye, wato sama da ɗigo miliyan 2. Ninka shi sau 30, ka ga fiye da miliyan 60 a kowace daƙiƙa. Ba wayar da za ta iya ajiye wannan a buɗe, don haka ake matse shi a ɗaure kamar damin gwanjo, duk wanda zai kalla kuma sai na'urarsa ta kwance damin nan take. Salon ɗaurin ne yake canzawa daga zamani zuwa zamani. H.264 ya fito a 2003, shi ne ya cika duniya. H.265, wanda ake kira HEVC, da VP9 na Google sun biyo baya a 2013, AV1 kuma a 2018. Kowane sabo ya fi na baya matsewa, amma ya fi shi wuyar kwancewa.

A cikin katin hoto na kwamfuta akwai wani ɗan sashe da ba shi da aiki sai kwance wannan dami. Idan ya san salon ɗaurin, furosesa tana hutawa, bidiyo yana zuba sumul. Idan bai sani ba, sai kayan duka su koma kan furosesa, ita kuma ta yi ta nishi. A nan ne shekarun na'ura suke magana. Yawancin kwamfutocin tebur da ke iso mana kwancen ofisoshin Turai ne: su sauka a Duwala, su hau zuwa Gaundare, su ratsa Garwa da Marwa kafin su zo nan, wasu kuma su shigo daga Maiduguri ta Banki. Da yawansu Core 2 Duo ne, masu katin hoton da ke manne a jikin babban allon cikin kwamfuta irin su GMA 3100, wanda ko H.264 ba ya kwancewa da kansa. Core i3 da i5 na 2010 kuwa suna kwance H.264 sosai. HEVC sai a ƙarni na 6 na Intel, a 2015. VP9 ya cika a ƙarni na 7, AV1 kuwa sai na 11, a 2020. To ka ɗauko bidiyon da iPhone ta ɗauka, alhali tun 2017 HEVC take amfani da shi in ba an canza mata ba, ka ɗora wa na'urar 2008. Ko fomat goma za ka yi, sashen da babu shi ba zai tsiro ba.

Gwajin ba ya cin ko sisi. Kunna bidiyon, ka danna Ctrl da Shift da Esc tare. Akwatin da zai buɗe, wanda na'urorinmu masu Faransanci suke rubuta wa Gestionnaire des tâches, zai nuna nauyin da ke kan furosesa. In ta manne a 100 bidiyo yana tafiya, ta sauko da ka tsayar da shi, ka kama ɓarawonka. Shi yaron nan abin da na yi masa kaɗan ne. Na nuna masa yadda zai juya bidiyon biki zuwa H.264 a 720p da VLC, ya bar na'ura tana aiki da dare in akwai wuta. Na kuma ce ya roƙi masu ɗaukar biki su shiga saitin kyamarar iPhone, wurin Formats, su zaɓi Le plus compatible tun kafin su fara ɗauka. Ya kalle ni ya ce, "Shi ke nan?" Na ce shi ke nan. Har ya ɗan ji haushi, kamar wanda ya je asibiti da niyyar allura aka ce ya je ya huta.

YouTube ma haka ne. Shafin yakan aiko VP9 ko AV1 ba tare da ya tambayi shekarun na'urarka ba. Danna ɓangaren dama na linzami a kan bidiyon ka buɗe bayanan ƙididdiga, za ka ga an rubuta avc1, ko vp09, ko av01. Na farkon ne H.264. Akwai ɗan ƙarin da ake sa wa Chrome da Firefox mai suna h264ify, aikinsa ya tilasta wa shafin ya aiko H.264. Sannan a sauke girman hoto zuwa 480p. A kan allo mai inci 17 da wuya idonka ya ga bambanci, kuma kuɗin intanet zai fi daɗewa. In kuwa sauti yana fita amma hoton kore ne shar ko baƙi ƙirin, wannan akasin na farko ne: katin yana ƙoƙarin kwancewa yana kwafsawa. Sai a kashe abin da aka rubuta wa accélération matérielle a saitin Chrome, ko a VLC a kashe shi a sashen kodek, a mayar wa furosesa aikin.

Yanzu ga inda fomat ɗin kansa yake zama cuta. Bayan an sake Windows, sau da yawa na'ura ba ta da direban katin hotonta. Direba a nan ba mai tuƙa mota ba ne, ko da yake sunan ya dace: ɗan shiri ne da ke koya wa Windows yadda zai sarrafa wani sashe na ƙarfe. In babu shi, Windows yana sa na wucin gadi, wanda zai nuna hoto amma ba ya taɓa sashen kwance bidiyo ko kaɗan. Buɗe Gestionnaire de périphériques ka duba. In ka ga Carte graphique VGA standard a Windows 7, ko Carte vidéo de base Microsoft a Windows 10, to mai gyaran da ya gabata ya karɓi kuɗin cikakken aiki ya miƙa maka rabi. Na sha ganin Core i5 mai ƙoshin lafiya tana ɗingishi saboda wannan kawai. Ni ba na son fayafayan nan da ke zuba direbobi ɗari a lokaci guda, don sukan shigo da tarkacen talla. Na fi son in duba lambar shaidar sashen: VEN_8086 na Intel ne, 10DE na Nvidia, 1002 na AMD. A ɓangaren sauti 10EC na Realtek ne, 11D4 kuma na Analog Devices, wanda direbansa SoundMAX ne, kuma yana da yawa a tsofaffin na'urorin ofis. Mutum zai kwana yana cusa wa na'ura direban Realtek alhali ba Realtek ne a cikinta ba.

Masu nacin a sa musu Windows 10 a tsohuwar na'ura su sani cewa direbobin hoto da Intel ya fitar wa Windows 10 daga ƙarni na 3 suka fara. Wanda ya gaza haka sai dai ya rayu da abin da ya samu. Ba na cewa zama a Windows 7 alheri ne: an daina yi masa gyaran tsaro tun 14 ga Janairun 2020, Chrome ya tsaya masa a 109, Firefox a 115. Shi ma Windows 10 wa'adinsa ya cika ranar 14 ga Oktoban 2025. Na'urar kallo da turi za ta iya zama a haka. Ta hulɗar banki, a'a.

Sai ƙura, wadda ita ce tamu ta gida. Wanda ya ƙera waɗannan na'urori ofis mai sanyi ya hango, bai hango hunturun gindin duwatsun Mandara ba, balle zafin Maris da Afirilu. Alamarta daban take: bidiyo ya fara lafiya, bayan minti goma ko sha biyar ya soma sarƙewa, fanka tana kuka kamar za ta tashi sama. Furosesa ce ta yi zafi ta rage wa kanta gudu don kada ta ƙone. In na buɗe irin wannan nakan tarar da ƙura ta yi tabarma tsakanin fanka da ƙarfen sanyaya, man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen kuma ya bushe ya zama alli. A cire wuta, a riƙe fanka da yatsa kada ta yi ta juyi, a hure da abin hura iska, a goge tsohon man a sa sabo ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake. Kada a kai ta wurin mai faci a hure da injinsa, iskar tana zuwa da ruwa. Kada kuma a sa man goge baki a madadin man furosesa. Na gani da idona, har ƙamshin na'ana'a yake yi.

Sauti ya fi sauƙi, shi ya sa ya fi ba mutane kunya. Abu na farko da nake yi shi ne in rufe bidiyo in kunna karatu ko waƙa ta MP3 ita kaɗai. In ta fita tas, katin sauti ba shi da laifi, tsatsar daga nauyin bidiyo take, kuma maganin can shi ne maganin nan. In shiru ne gaba ɗaya, sai in zagaya bayan na'ura. Kore ne ramin lasifika, ruwan hoda na makirfo, shuɗi na shigar da sauti, kuma a cikin duhun ƙarƙashin tebur duk kamarsu ɗaya. Ramin gaba shi ke fara mutuwa saboda yawan sa da cirewa.

Wani dattijo, malamin makarantar Islamiyya, ya haɗa kwamfutarsa da talabijin don ɗalibai su saurari tafsiri, hoto ya fito, murya babu. Ya ce, "Ɗana, ko dai ta kurumce ne?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, lafiyarta ƙalau. Wannan igiyar mai shuɗin kai, VGA, hoto kaɗai take ɗauka." Muka ja wata siririyar igiya daga ramin kore zuwa talabijin, magana ta fito. HDMI ita tana ɗaukar duka biyun, amma tana da nata halin: da an sa ta, Windows yakan karkatar da sauti zuwa allo, ko da allon ba shi da lasifika. Sai a shiga jerin na'urorin sauti a mayar da zaɓi kan lasifika.

Gunjin nan mai kauri da ke fita ko ba a kunna komai ba, musamman in an haɗa da amfilifaya, ba na direba ba ne. Yawancin shagunanmu da gidajenmu ba a ja musu wayar ƙasa ba. In ka taɓa jikin kwamfuta ka ji tana ɗan cizo, wannan ne. A sa kwamfuta da amfilifaya a soket ɗaya, a raba igiyar sauti da ta wuta, sannan a nemi mai aikin lantarki ya kafa ƙarfen ƙasa, don maganar ta wuce ta sauti, ta kai ga lafiyar yaran da ke taɓa na'urar ba takalmi. Akwai kuma ɗan batirin nan mai kamar kwabo, CR2032, da ke kan babban allon cikin kwamfuta. In ya mutu agogo yakan koma shekarun baya, shafukan intanet su ƙi buɗewa, saitin BIOS ya warware. Nakan leƙa can in tabbatar ba a kashe sautin cikin allo ba. Idan katin sautin ya ƙone da gaske, kamar yadda yakan faru bayan wuta ta dawo da ƙarfi, ba sai an canza allo ba. Ɗan katin sauti na USB, wanda bai fi yatsa ba, yana toshe gurbin, kuma Windows yana gane shi da kansa.

Wanda sana'arsa bidiyo ce, kuma ba shi da halin sabuwar na'ura, zai iya ƙara katin hoto. GT 710 na Nvidia yana kwance H.264 amma ba ya kwance HEVC, GT 1030 yana kwance HEVC da VP9. A duba akwatin kafin a aika Marwa sayo shi, domin siraran na'urorin ofis sai kati mai gajeren ƙarfe, kuma wutarsu ba ta ɗaukar manyan katuna. Pentium 4 kuwa, ko wadda na buɗe na ga kwandansanta sun kumbura suna tsiyaya, ba na karɓar kuɗin mutum in yi masa alkawarin bidiyo. Nakan ce ya bar ta ga buga takardu.

Yaron nan mai turi ya dawo Lahadin da ta biyo, ba da kwamfuta ba, da abokinsa mai irin sana'arsa, shi ma ɗauke da tasa a buhu. Abokin ya buɗe baki zai ce fomat, sai yaron ya riga ni: "Tsaya tukuna. Duka ne suke sarƙewa, ko wasu?"