Haƙƙin Ɗan Hanya A Wuyan Muƙaddami: Darasi Daga Iyakar Assamaka

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah Ubangijin talikai, wanda Ya shimfiɗa ƙasa Ya sanya hanyoyi a cikinta. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugaban halitta Annabi Muhammadu (SAW), wanda ya ɗanɗani ɗacin barin gida, da alayensa da sahabbansa da waɗanda suka bi su da kyautatawa har ranar sakamako.

Bayan haka, wannan darasi yana magana ne a kan ɗan hanya, wato matafiyin da guzurinsa ya yanke a ƙasar da ba tasa ba, da kuma nauyin da ya hau wuyan muƙaddamai da limamai da malaman zaure game da shi.

Abin da ke faruwa a iyakar arewa

Assamaka ƙaramin gari ne a jihar Agadas, a bakin iyakar Nijar da Aljeriya, kimanin kilomita 200 daga Arlit. Tun ƙarshen shekarar 2014 motoci ke sauke 'yan Nijar da aka koro daga Aljeriya a can. 'Yan wasu ƙasashe kuwa, irin su Gini da Mali da Najeriya, sau da yawa a fili ake zubar da su, wajen kilomita 15 daga garin, su ƙarasa da ƙafa cikin rairayi, wasu ba ruwa ba takalmi. Hukumar OIM da likitocin MSF suna karɓar su, amma a farkon 2023 dubban mutane sun taru a garin har wurin saukar baƙi ya kasa ɗaukar su.

Mutanen kudu ba baƙin wannan hanya ba ne. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a hamada kusa da iyakar, 52 daga cikinsu yara ne, 33 mata. Motocinsu sun lalace bayan sun bar Arlit, ƙishirwa ta gama da su. Akasarinsu 'yan yankin Kance ne a jihar Damagaram, kuma ƙasa ta yi zaman makoki na kwana uku. Waɗannan bayin Allah daga garuruwa masu masallatai da zawiyoyi da makarantun allo suka fito. Saboda haka maganar iyaka ba ta tsaya a iyaka ba, ta biyo hanya har ƙofar zawiyar Damagaram da Maraɗi da Tawa da Yamai.

Matsayin ɗan hanya a shari'a

Allah Maɗaukakin Sarki Ya lissafa ɗan hanya cikin mutum takwas da ake ba zakka, a aya ta 60 ta Suratut Tauba. Ya kuma ambace shi a aya ta 36 ta Suratun Nisa'i tare da iyaye da marayu da maƙwabta, cikin waɗanda aka yi umarni a kyautata musu. Wanda Allah Ya yanka wa rabo a zakka, abin da aka ba shi haƙƙinsa ne, babu gori a ciki.

Malaman Malikiyya, kamar yadda ya zo a Mukhtasar na Shehu Khalil, sun yi bayanin cewa ana ba baƙo gwargwadon abin da zai kai shi gida, ko da mawadaci ne a garinsu, matuƙar bai samu mai ranta masa ba. Sun shardanta kada tafiyar ta zama ta saɓo, sai idan ya tuba. Sun kuma ce ana gaskata shi a kan maganarsa, ba a neman ya kawo shaidu. Wannan hukunci abin lura ne ƙwarai. Mutumin da aka ƙwace wa waya da kuɗi da takardu ba shi da abin nunawa sai bakinsa, kuma fiƙihu ya karɓi bakin nasa.

Zakka ta Musulmi ce, amma ruwa da abinci da sutura na sadakar ganin dama ba a tambayar addinin mai karɓarsu. Ya tabbata a hadisi cewa an gafarta wa wani bawa saboda ya shayar da kare mai ƙishi. To ina ga ɗan Adam da Allah Ya girmama?

Darasi daga Habasha da Madina

A shekara ta biyar bayan aiko Annabi (SAW) sahabbai suka yi hijira zuwa Habasha. Ƙuraishawa suka tura Amru ɗan Asi da Abdullahi ɗan Abu Rabi'a da kyaututtuka, suna neman Najjashi ya mayar musu da su ba tare da ya ji ta bakinsu ba. Sarki ya ƙi, ya ce sai ya saurare su. Sai Sayyidina Ja'afar ɗan Abu Ɗalib (RTA) ya miƙe ya yi magana a madadin jama'arsa, ya faɗi halin da suka baro, ya karanta farkon Suratu Maryam, bai ɓoye aƙidarsa ba, bai kuma zagi kowa ba. Najjashi ya ba su aminci. Ranar da ya rasu, Annabi (SAW) ya yi masa salla daga Madina.

A Madina kuwa an ware wani rumfa a masallaci domin muhajiran da ba su da gida ba su da dangi, su ne Ahlus Suffa. Ana ciyar da su, ana kuma karantar da su. Sayyidina Ubadatu ɗan Samit (RTA) ya koya wa wasunsu Alƙur'ani da rubutu, kuma daga cikinsu Abu Huraira (RTA) ya fito, wanda ya fi kowane sahabi ruwaito hadisi. Da abinci kaɗai aka ba su aka sallame su, da al'umma ta yi asarar wannan ilmi.

'Yan ɗariƙa suna da ƙarin dalili na kusa. Maulana Shehu Ahmadu Tijjani (RTA), wanda aka haifa a Ainu Madi ta ƙasar Aljeriya a 1150 bayan hijira, ya bar ƙasarsa saboda matsin mahukunta, ya isa Fas a 1213, wato 1798 miladiyya. Sarki Maulaya Sulaimanu ya karɓe shi ya ba shi gida. Zawiyar da murudai ke begen ziyarta a yau, baƙon da aka karɓa hannu biyu ne ya kafa ta.

Karantarwa kafin tafiya

Akasarin masu tafiya biɗa ba sa barin gari sai sun je wurin malam neman addu'a. A wannan zama ne amanar take. Idan mace ta zo da yara ƙanana tana neman a yi mata addu'ar hanya, kuma malam ya san bara za a kai yaran, addu'a kaɗai ba ta sauke masa nauyi. Wajibi ne ya gaya mata abin da ke tsakanin Arlit da Tamanrasat, ya tuna mata mutanen 2013, ya kira mijinta ko waliyyinta ya tuna masa cewa ciyarwa a kansa take. Malamin da ya karɓi sadaka ya yi shiru, sannan ya sake karɓar wata daga kuɗin baran idan an dawo, ya yi tarayya a cikin abin da ya faru ga yaran.

Gaskiyar da za a faɗa ta haɗa da sanin doka. A 2015 Nijar ta kafa dokar hana safarar baƙin haure, abin da ya sa direbobi da yawa suka koma ɓoyayyun hanyoyi nesa da rijiyoyi. An soke dokar a watan Nuwamba na 2023, amma soke ta bai ƙara ruwa a hamada ba, bai kuma hana kora daga arewa ba. Ya kamata muƙaddami ya san wannan, domin kada a yaudari muridansa da cewa hanya ta buɗe.

Wa'azi kuma ba ya riƙe mai yunwa. Wanda gonarsa ba ta kai shi wata uku ba, sai an nuna masa wata ƙofa. Abin da Sayyida Ummul Khairi, 'yar Shehu Ibrahim Inyass (RTA) kuma maiɗakin Shehu Abubakar Hashim na Kiota, ta yi na buɗe makarantu ga mata da 'yan mata ya nuna cewa zawiya tana iya ɗaukar wannan aiki. Yaron da ke da allo da safe da lakkol da hantsi, uwarsa kuma tana da sana'a, ya fi wuyar ɗauka a kai shi bara.

Tsayawa bayan dawowa

Wanda aka koro yakan dawo da bashin kuɗin mota a kansa, da kunyar shiga gari hannu wofi. Wasu saboda haka ko kwana arba'in ba sa yi suke sake komawa. A nan zawiya tana da aiki bayyananne: a ware wani kaso na zakkar 'yan'uwa da hadiyyar Maulidi domin kuɗin motar baƙon da ya maƙale a tasha, a ba shi tabarma a zaure, a ara masa waya ya kira gida, a mayar da yaran da suka dawo makaranta tun kafin a sake yi musu tayin tafiya. A hana dariya da habaici ga wanda ya dawo, domin gori yana mayar da mutum hamada kamar yadda yunwa ke yi.

Sannan akwai aikin Ja'afar. Muƙaddami yana da ƙofar da talaka ba shi da ita: maigari yana saurarensa, hakimi da magajin gari suna tashi su gaishe shi. Ya yi amfani da ita ya nemi a binciki masu tara yaran mutane suna kai su bara, a sama wa waɗanda suka dawo takardun haihuwa, a saurari baƙo kafin a yanke masa hukunci. Ya yi haka da ladabi da gaskiya, ba tare da neman suna ko shiga rigimar siyasa ba. Girman da jama'a ke ba shehunai da muƙaddamai ajiya ce, kuma za a tambaye su inda suka kashe ta.

Muridin da ke zama a wazifa yana neman gafara, yana salati, yana haila, ya sani cewa Wanda yake ambato Shi ne Ya yanka wa ɗan hanya rabo a dukiyarsa. Alamar zikiri ya shiga zuciya ita ce a ga taushinta ga bayin Allah, musamman wanda ba shi da kowa a gari.

Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu a hamada, Ya mayar da matafiya gidajensu lafiya, Ya ba shugabanni ikon adalci, Ya ba malamai ƙarfin faɗin gaskiya, albarkar Annabi Muhammadu (SAW). Amin.